Hoton bazata ko na shiri, wanne ke nuna halin mace?

Mai hoto na Mabera: Jama'a ni dai ina nan a kan bakana, hoton da mace ta zauna ta shirya masa ba ya nuna halinta ko kaɗan, kwalliya kawai kake ɗauka. In kana son ka ga mace yadda take ka ɗauke ta ba ta sani ba, tana dariya da ƙawayenta wurin kamu ko tana faɗa da mai rabon abinci. Da ka ce "Hajiya kalli nan" shi ke nan, fuskar ta canza, wata daban ce zaune kan kujerar.

Anti mai kwalliya: To fa. Ƙanena wa ya ce maka wadda ka kama baki buɗe da loma a hannu ita ce ta gaskiya? Mace ta zaɓi atamfarta da kanta, ta ce ga ɗaurin da take so, wata ta ce min Anti kar ki sa min gashin ido kwalli kawai ya isa, wata kuma sai na ƙara jan baki sau uku tana cewa bai fito ba, duk wannan ba hali ba ne? Ni tun kan kujerata nake gane mai rawar kai da mai sanyi.

Gwaggon yara: Awo wallahi. Ku masu hoton biki kun ishe mu, ɗiyata anka ɗauka tana hamma anka sa cikin albam. Mi wanga ya nuna in ba barci ba?

Mai hoto na Mabera: Gwaggo wannan rashin iya aiki ne, ba shi nake nufi ba 😂

Malam na Arkilla: Bari in sa baki. Akwai wani mai hoto a Bamako ta Mali, Seydou Keïta, ya buɗe studiyonsa a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya zane mai zane-zane a baya. Kusan duk hotunansa na shiri ne, matan sun ci ado, wata ta kishingiɗa, wata ta ɗora hannu a kan rediyo ko ta jingina da babur ɗin da ya aje don masu zuwa, kuma galibi sau ɗaya yake danna kyamara saboda fim kuɗi ne. Ka je ka duba su a intanet, za ka ga mai izza, za ka ga wadda dariya ke cinta tana dannewa, ba wadda ta yi kama da wata. Ya rasu a 2001, har yau gidajen adana zane na Faransa da Amurka suna baje aikinsa. In shiri na kashe hali, ya aka yi nasa bai kashe ba?

Mai hoto na Mabera: Malam wancan zamani ne da ba a saba da kyamara ba. Yanzu kowace yarinya ta haddace tsayuwa ɗaya daga Instagram, a karkata wuya, a turo baki, hannu a haɓa. Ɗauki amare goma ka jera, uwarsu ma sai ta duba da kyau.

Ɗalibar Danfodiyo: Yaya a nan kam ka yi gaskiya, amma laifin ba na shiri ba ne, kuma akwai abin da ku maza ba ku lissafawa. Ni ma ina ɗaukar hoto, cikin gida nake shiga. Matar da za ta sunkuyar da kai gabanka ta ja mayafi ta ƙi haɗa ido da kai, kai ka tafi kana cewa mai kunya ce, ni in na shiga ɗakinta ita ce mai baki a gidan kaf, kishiyoyi ma shakkarta suke. Kunyarka take ji saboda kai baƙon namiji ne, abin da kyamararka ta kama ke nan. Ni ba na fara ɗauka sai mun yi hira, in mai ƙosai ce in tambaye ta nawa tiyar wake yau a Tsohuwar Kasuwa, nan take ido ya buɗe hannu ya fara aiki, ta san ina ɗauka sarai amma ta daina damuwa da ni. Ina zaunar da ita kusa da ƙofa ko taga hasken ya zo ta gefe, ba na kunna filasha, kuma ba na fita da mutum tsakar rana a garin nan, ranar Sakkwato sai ta sa kowa ya murtuke fuska kamar ana binsa bashi.

Anti mai kwalliya: Ga hoda na narkewa kafin a ce kwabo.

Ɗalibar Danfodiyo: Sannan ku ja baya da waya don Allah. Gilashin kyamarar waya mai faɗi ne, in ka matso kusa hanci ya kumbura kunne ya ɓace. Shi ya sa masu hoton fuska ke son gilashi mai 85mm, wato mai jawo abu kusa, su tsaya nesa kaɗan, ita ma matar ta fi sakewa in ba a kanta kake ba.

Ustaz na Runjin Sambo: Ni ba zan shiga hukuncin hoto ba, malamai sun yi saɓani kuma ba wurinsa ba ne nan. Amma "ka ɗauke ta ba ta sani ba" ɗin nan ya tsaya min a rai. Matar mutane ce fa, ko ɗiyar mutane. Gobe a gan ta a sitatus ɗin wani kanta ba ɗankwali, wa zai ɗauki alhakin?

Malam na Arkilla: Ustaz ka tuna min yarinyar nan 'yar Afganistan mai korayen idanu, Sharbat Gula. A 1984 Steve McCurry ya ɗauke ta a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan, mujallar National Geographic ta sa ta a bango a 1985, duniya ta yi ta fassara idanun nan, ana cewa tsoron yaƙi ne. Ko sunanta ba a sani ba sai 2002 da aka gano ta, lokacin ta fara ganin hoton, kuma abin da ta tuna na ranar shi ne fushi, don baƙon namiji ne ya ɗauke ta. Wato sau da yawa halin da muke cewa mun gani, mu muka liƙa shi.

Mai hoto na Mabera: To ai kun dawo kan maganata, fushin nata na gaskiya ne, ba shirya shi ta yi ba.

Ɗalibar Danfodiyo: Na gaskiya ne amma na minti ɗaya ne Yaya, kuma mai kyamarar ne ya jawo shi.

Gwaggon yara: Ku bar wagga gardama ku gaya min wa ya ba ku izinin goge tsage. Innarmu Bagobira ta, tsagenta reras har kunne, munka kai ta hoto don jikoki su aje, yaron ya goge su tas ya maishe ta fara sol, da munka kawo mata tac ce wagga wace ce. Wushiryar ƙanwata ma sai da wani ya toshe ta da kwamfuta.

Malam na Arkilla: Matsalar fatar nan tsohuwa ce Gwaggo. Kodak mai yin fim ɗin kyamara ta daɗe tana daidaita launin hoto da katin da ke ɗauke da hoton baturiya, sai tsakiyar shekarun 1990 ta fito da mai baƙar mace a ciki. Yanzu kyamarori sun gyaru, mu ne muke ƙara farin da hannunmu.

Mai hoto na Mabera: Su suke nema fa! Ka ba mace hoto da kalarta ta ce ka sa ta yi baƙi ba za ta biya ba. Ni haya nake biya, ga man janareto.

Anti mai kwalliya: Wasu ne ke nema, ba duka ba, ku ne ba ku tambaya, kun aje filta ɗaya kuna shafa wa kowa. Asabar ina da amarya a Gawon Nama, ƙanwata ki zo ki ɗauke ta da yamma bayan la'asar, kai kuma ƙanena ka yi naka na bazatan wurin kamu da izinin uwar amarya, mu aje su gaban kakarta ta zaɓa.

Mai hoto na Mabera: Na yarda, amma banda Gwaggo a alƙalai, ta riga ta yanke min hukunci.