An sa wa Baba robar fitsari, sai gwajin PSA ya yi sama

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman likitoci da nas-nas da ke cikinmu. Mahaifina ne, shekarunsa 67, muna zaune a Agege. Makonni biyu da suka wuce fitsari ya ƙi fita masa tun dare, mara ta kumbura, da asuba muka garzaya da shi asibiti, aka zura masa roba har mafitsara. Washegari aka ɗebi jininsa don gwajin PSA, wanda ake duba lafiyar furostet da shi, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Sakamako ya nuna 18, alhali bara bai kai 4 ba.

Likitan farko ya ce a yi shirin tsakuro naman wurin a duba ko daji ne. Na biyu kuwa ya ce riƙewar fitsari, da zura roba, da ciwon sanyin mafitsara duk suna ɗaga PSA na ɗan lokaci, don haka a jira kamar mako shida a sake. Baba dai tun da ya ji kalmar daji ya rage cin abinci.

To wanne za mu bi? Kuma mako shidan, daga ranar da aka sa robar ake ƙirgawa ko sai an cire ta? Har yanzu tana jikinsa.