Takardar sallamar Yayana daga soja ba ta nuna lambobinsa ba, ta ina zan fara?

Ƙanwar Soja:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar sojan Amurka. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya shiga sojan ƙasa a 2001, direban manyan motocin kaya ne. An kai shi Iraƙi daga Fabrairun 2004 zuwa Fabrairun 2005, ya dawo da wata biyu ya ajiye kaki. Tun daga nan ba ya son zancen, mu ma muka ja bakinmu.

Makon jiya wani abokinsa da suka yi zaman Iraƙi tare ya biyo ta New York, ya ci tuwo a gidanmu. A cikin hira ne na ji cewa bam ɗin gefen hanya ya taɓa tashi da ayarinsu, kuma motar Yaya ce ta fi jin jiki. Mu dai abin da muka sani, kunnensa na hagu ba ya ji sosai, ga ciwon kai da ba ya rabuwa da shi. Abokin ya ce shi an saka masa lambar yaƙin Iraƙi da bajon shiga artabu a takardunsa. Da baƙon ya tafi na roƙi matar Yaya ta ɗauko mini takardar sallamarsa, wato DD-214, na duba sama da ƙasa, babu ko ɗaya.

Shekara wajen ashirin ke nan, lokaci bai ƙure ba? Zan iya cike takardun a madadinsa? Don shi cewa ya yi in bar maganar, wai ƙarfe ne kawai. Kuma akwai wani da ya ce in ba shi kuɗi ya yi mana komai.

Ɗan Zangon Kumasi:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ban so in karya miki gwiwa, amma na ji an ce gobara ta cinye takardun sojoji a St. Louis. Wani maƙwabcina Ba'amurke ya nemi na mahaifinsa, aka ce masa sun ƙone. Allah ya sa na Yayanki ba sa ciki.

Tsohon Saje:

Malam na Kumasi, gobarar gaskiya ce, amma a Yulin 1973 aka yi ta, Yayanta wataƙila ko rarrafe bai fara ba. Fayil miliyan 16 zuwa 18 suka salwanta, yawanci na sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da farkon 1960, da wani kaso na sojan sama. Wanda ya fita a 2005 fayil ɗinsa yana cikin kwamfuta.

Ƙanwata, zauna ki ji. Na yi shekara 22 da kaki, rabinsu a ofishin ma'aikata, irin wannan takarda na cike ta ba adadi. Da farko ki sake duba gida na 13 a jikin DD-214 ɗin, nan ake jera lambobin yabo. Idan wuri ya cika, akan ƙarasa a gida na 18, wajen ƙarin bayani. Mutane da yawa sun zo mini a fusace, ashe abin da suke nema yana ƙasa cikin ƙananan haruffa.

Idan da gaske babu, to ki raba maganar kashi biyu, don hanyarsu ba ɗaya ba ce. Akwai lambar da mutum ya riga ya cancanta, rubutawa ce kawai ba a yi ba. Akwai kuma wadda ba a taɓa ba shi ba, sai an kafa hujja tukuna. Wanda ya cakuɗa su a takarda ɗaya shi ke shan dogon jira.

Lambar yaƙin Iraƙi tana kashi na farko. Sai a ƙarshen Nuwamban 2004 aka sa hannu a kan umarnin ƙirƙiro ta, kafin a tsara yadda za a raba ta Yayanki yana haɗa jakarsa. Sharaɗinta kwana 30 a jere a cikin ƙasar, ko 60 a warwatse. Shi da ya yi shekara guda ai babu gardama. Har taurari biyu za a liƙa masa a kai, domin zamansa ya ratsa zango biyu na yaƙin, wanda ya ƙare 28 ga Yunin 2004 da wanda ya fara washegari. Abu ɗaya: duba ko an rubuta masa lambar fita yaƙi da ta'addanci a ƙetare. Ita aka riƙa ba waɗanda suka je Iraƙi kafin a fito da sabuwar, kuma ba a riƙe duka biyun a kan tafiya ɗaya. Zai zaɓa ne, a musanya ko a bar masa ta da.

Bajon artabu, wanda muke kira CAB, yana kashi na biyu, kuma ba laifin kowa ba ne da babu shi. A watan Mayun 2005 aka ƙirƙiro shi, Yayanki ya fita a Afrilu. Amma an mayar da shi baya har zuwa 18 ga Satumban 2001, saboda irin su direbobi da makanikai da aka riƙa buɗe wa wuta alhali bajon 'yan ƙundumbala na sojan ƙafa bai shafe su ba. Ana nemansa ne a rundunar kula da ma'aikatan sojan ƙasa da ke Fort Knox a jihar Kentucky. Za su so takardar umarnin tafiyarsa, da bayanin abin da ya faru da rana da wuri, da rantsattsiyar shaidar mutum biyu da suka gani da idonsu. Wannan abokin da ya ci tuwonku, kada ki bari lambar wayarsa ta ɓace. Shi ne rabin aikin.

In an amince, sai a fitar da takardar gyara mai suna DD-215, a haɗa ta da ta asali.

Maman 'Yan Biyu:

Saje ya gama magana a kan takardu, ni kuma tambayarki ta biyu ce ta tsaya mini. A'a, ba za ki iya ba. Muddin yana raye kuma da hankalinsa, sai da sa hannunsa, ko fayil ɗin ma ba za a ba ki cikakke ba. Ko ofishin ɗan majalisar yankinku kika je, abu na farko da za su miƙo miki shi ne takardar izini da shi zai sa wa hannu.

Mijina ma tsohon soja ne, Afganistan ya je. Shekara da shekaru ina masa maganar zuwa asibitin tsofaffin sojoji yana kaucewa. Daga baya na gane ba taurin kai ba ne. Cike fom ɗin yana nufin ya zauna ya rubuta ranar da yake ƙoƙarin mantawa, da sunayen waɗanda ba su dawo ba. Ki yi a hankali, ƙanwata. Kada ki je masa da zancen ƙarfen maƙalawa a ƙirji, ya riga ya ba ki amsar wannan. Je masa da zancen kunnen nan da ciwon kan. Kuma in da hali, abokin nasa ya fara yi masa maganar, soja ya fi jin ta bakin soja.

Kawu na Houston:

Ni fa ina ganin Purple Heart, lambar da ake ba wanda aka raunata a yaƙi, ya kamata ku nema kai tsaye, ku bar waɗannan ƙanana. Bam ya tashi da mutum, kunne ya lalace, me ya rage? Ita ce mai amfani a asibiti.

Tsohon Saje:

Kawu, amfaninta gaskiya ne, mai ita yana shiga rukuni na 3 wajen fifikon kulawa a asibitocin VA, wato ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji. Amma ita ce mafi wuyar samu a cikin ukun, gara in faɗa mata yanzu. Sharaɗin shi ne raunin ya fito daga hannun abokan gaba, ya kai a ce yana buƙatar likita, kuma an rubuta jinyar a fayil ɗin lafiyarsa a lokacin. A 2011 sojan ƙasa suka fayyace cewa girgizar ƙwaƙwalwa daga fashewar bam tana iya shiga, amma sharaɗin rubutun jinya yana nan daram. A 2004 kuwa yaro zai fito daga mota kansa na juyawa, a ba shi ƙwaya biyu ya koma sitiyari, babu wanda ya rubuta komai. In haka ta faru da Yayanki, tafiyar za ta yi tsawo. Shi ya sa na ce a nemo fayil ɗin tukuna, na aiki da na lafiya, ta intanet ko da fom SF-180. Kyauta ne. A ga abin da ke ciki kafin a san me za a roƙa.

Kuma kada ku raina CAB. Ranar da zai nemi diyyar rauni ko ta firgicin yaƙi, wannan bajon yana tsaya masa shaidar cewa ya ga wuta, ba sai an yi ta ja-in-ja da shi ba.

Malama Mai Aikin Shari'a:

Bari in ɗora a kan maganar lokaci, tunda ba a taɓa ta ba. Idan Fort Knox suka ƙi, mataki na gaba shi ne hukumar gyara bayanan soja ta sojan ƙasa, da fom DD-149. Dokar ta ce a shigar cikin shekara 3 daga ranar da aka gano kuskuren, ba daga ranar sallama ba. Ko an wuce ma, hukumar tana da ikon ɗaga ƙafa in ta ga adalci ya buƙaci haka, sai dai a rubuta dalilin jinkirin a fili. Kada ku tsallaka zuwa can kai tsaye, za su mayar da ku su ce ku fara bin ƙananan hanyoyin. Kada kuma ku ɗauko DD-293, wannan na masu neman a sauya nau'in sallamarsu ne, wa'adinsa shekara 15, bai shafe ku ba.

Hukumar ba ta fita neman hujja don kowa. Tana ɗauka abin da ke rubuce daidai ne har sai kun nuna akasin haka. Kwafi za ku aika, na asali su zauna a gida. A dokance ana son su kammala kashi 90 na ƙorafe-ƙorafe cikin wata 10, sauran kada su wuce wata 18, don haka ku ɗaura ɗamarar jira. Ku kuma duba yadda aka rubuta sunansa a kowace takarda. Sunayenmu sukan sha wahala a hannun masu buga takardu, harafi ɗaya ya bambanta sai a ce ba a ga mutum ba.

Shi kuma mai cewa ki ba shi kuɗi, ki ce masa kin gode. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su VFW da American Legion da DAV suna da jami'an da aka tantance, suna wannan aikin ba ko sisi.

Ɗan Zangon Kumasi:

To na karɓi gyara a kan gobara, Saje. Amma tambaya: tunda ana sayar da lambobin nan a shaguna, ba sai ta saya masa ta sa a gilashi ba?

Tsohon Saje:

Shago zai sayar maka da ƙarfen, ba zai sa maka shi a fayil ba, kuma fayil ɗin VA ke dubawa. Sannan tun 2013 akwai dokar da ta mayar da shi laifi mutum ya yi ƙaryar samun irin su Purple Heart ko CAB don ya ci wata moriya. A bari takarda ta fito, gwamnati da kanta za ta aiko masa da su.

Ƙanwar Soja:

Allah ya saka muku da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Baba Saje, na sake dubawa. Gida na 18 babu komai sai kwanakin zamansa a Iraƙi, amma lambar fita ƙetaren nan da ka ambata tana gida na 13, ashe ita ce ban gane ba. Anti Maman 'Yan Biyu, na bi shawararki, ban ce masa uffan ba, abokinsa na kira. Jiya bayan isha'i suka yi waya fiye da awa ɗaya, matarsa ta ce a mota ya zauna ya rufe gilashi. Da safe ya turo mini saƙo cewa in buga masa SF-180 ɗin in kawo ranar Asabar. Ya ce fayil ɗin kawai zai nema, in daina rawar kai, sauran sai ya gani. Abokin kuma ya ce yana da lambar wayar wanda ke motar bayansu a ranar, yana zaune a Ohio.