Gansakuka a tankin murjani: taki ne sanadi, ko rashin masu kiwo?

Malam Isufu: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne gansakukar da ke lulluɓe duwatsu da murjani a tankin ruwan gishiri tana da sanadi guda, wato takin da ya taru a cikin ruwan, naitiret da fosfet, waɗanda ke fitowa daga ragowar abinci da kashin kifi. Duk wanda ya sauko da su zuwa sifili ya rabu da ita. Sayen dodon koɗi da bushiyar teku, wata dabbar ruwa mai ƙayoyi, domin su cinye ta asarar kuɗi ce, balle a nan Maraɗi, inda sai an yi jigilarsu daga nesa, wasu su mutu a hanya saboda zafi. Hujjata tana mashigin Kaneohe a tsibiran Hawai, inda aka daɗe ana zuba ruwan masai har wata koriyar gansakuka mai kumbura ta danne murjani, kuma da aka karkatar da ƙazantar a 1977 da 1978 sai ta ja baya, murjani ya fara farfaɗowa.

Malama Mariyama: Wa alaikumus salam. Malam, labarin Kaneohe gaskiya ne, amma ka tsaya a tsakiyarsa, domin zuwa 1990 gansakukar nan ta sake yaɗuwa a wasu sassan mashigin alhali an riga an daina zuba ƙazantar. Sannan ina so ka dubi Jamaika. A 1983 zuwa 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi a tekun Karebiyan, bushiyar ce kuwa ta rage tana kiwo a kan duwatsu bayan masunta sun ƙarar da kifayen da ke cin tsiro. Binciken da masanin murjani Terence Hughes ya wallafa a 1994 ya nuna filin da murjani ya rufe a Jamaika ya faɗi daga sama da kashi 50 zuwa ƙasa da kashi 5, gansakuka kuma ta tashi daga kashi 4 zuwa kashi 92. Guguwar da ta afka wa Jamaika a 1980 ta yi tata ɓarnar, amma mutuwar masu kiwon ce ta bar fili. Manomin da ya rage taki a gona zai ga ciyawa ta yi sauƙi, sai dai ba za ta daina tsira ba, kuma dole dai a samu mai nome ta.

Alhaji Lawali: Ni zan kawo abin da ke gabana. A tankina mai lita 300 koriyar gansakuka mai kamar gashi ta yi tsawon ɗan yatsa a kan duwatsun sama, tana kaɗawa duk inda injin tura ruwa ya buga, idan ka tsige ta da hannu sai ƙura mai launin toka ta tashi daga gindinta. Duk da haka, in na ɗiga maganin awo a cikin kwalba, fosfet sifili yake nunawa. To Malam Isufu, ga sifilin da kake nema, ga kuma gansakuka.

Malam Isufu: Alhaji, wannan sifilin na bogi ne, kuma ni yake goya wa baya. Gansakukar tana zuƙe fosfet da zarar ya shiga ruwa, shi ya sa awo ba ya ganinsa, kuma dutsen murjani kansa yana riƙe fosfet ya riƙa sakinsa a hankali tsawon watanni. Tambayata ita ce, da wane ruwa kake cike gurbin wanda ya ƙafe?

Alhaji Lawali: Da ruwan famfo, bayan ya kwana a jarka.

Malam Isufu: Nan gizo ke saƙa. Kwana a jarka yana iya kawar da kulorin, amma ba ya taɓa naitiret ko fosfet ko silika. Murjani yana son zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a watan Afirilu da Mayu zafin garin nan yana wuce 40, don haka muke kunna fanka a kan ruwan, shi kuma yana ƙafewa da sauri. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri da duk wani datti suna nan, saboda haka kowace jarka da ka ƙara, tara abin da ke cikinta kake yi. Ruwan ciko da na haɗa gishiri dole ya bi ta na'urar tacewa ta RO/DI, mai cire duk abin da ya narke a ruwa, har mitar narkakkun sinadarai ta nuna sifili.

Habibu: Iyayena, ku gafarce ni in sa baki. Sifili a ruwan ciko daidai ne, amma sifili a cikin tanki haɗari ne, kuma a nan ne na rabu da Baba Isufu. Murjani yana rayuwa ne da wasu ƙananan halittu da ke cikin namansa, masu haɗa masa abinci da haske, su ma suna bukatar ɗan naitiret da fosfet, in sun rasa sai murjanin ya koɗe. Abin da ya fi muni, tankin da aka tsotse ƙarƙaf da maganin kama fosfet shi ne wanda dainofilajilet ke yawan mamayewa, wata majina mai ruwan ƙasa da ƙananan kumfa a jikinta, wadda wasu nau'o'inta ke da dafin da ke kashe dodon koɗi. Masu wannan sana'a da yawa suna barin naitiret tsakanin 2 da 10 cikin miliyan, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1.

Malama Mariyama: Madalla, Habibu. In kuwa an yarda za a bar ɗan taki a ruwa, to an yarda gansakuka za ta samu abin ci, sai a nemo mai aske ta tun tana gajera. Alhaji, dodon koɗi irin su Trochus ba sa iya cin wadda ta yi tsawo, don haka ka fara fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ka goge su da buroshin haƙori a cikin bokitin ruwan tankin, ka zuƙe dattin ƙasa da tiyo, sannan ka saka dodon koɗin. Kada ka kawo kifin tang, mai cin gansakuka, ka cusa a lita 300 don wannan aiki, wurin ya yi masa kaɗan.

Malam Isufu: Zancen Habibu na barin ɗan kaɗan yana da gurbi, amma har yanzu ban ga dalilin da zai sa mutum ya dogara da dabbar da ke iya mutuwa ranar da aka ɗauke wuta ruwa ya ɗumame, ta ruɓe ta zama sabon taki ba. Na fi amincewa da canza kashi 10 na ruwa kowane mako, da rage abinci, da noman ciyawar teku ta Chaetomorpha a ƙaramin tankin da ke haɗe da babban daga ƙasa domin ta yi wa gansakukar kishiya, a riƙa tsinke ta ana zubarwa.

Alhaji Lawali: To kashe fitila kwana uku fa, da ake ta ba ni shawara?

Habibu: Yana taimakawa a kan jan yauƙin nan da ke shimfiɗuwa a kan yashi, wanda ƙwayoyin bakteriya ne, amma gansakuka mai kamar gashi tana jure duhu, kuma wadda ta mutu tana mayar da takinta cikin ruwa. Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba, wato ƙurar hunturu. Ƙurar da ke tasowa daga ƙwarin Bodele a Cadi tana ɗauke da silika da ƙarfe da fosfet, kuma ita ce ke sauka a kan tankin da ke buɗe.

Malama Mariyama: Rufe shi kuwa yana hana fanka sanyaya ruwa. A hunturu ana iya sa murfi tunda akwai sanyi, a bazara a cire. Alhaji, kafin ka sayi komai, ka sake awon fosfet kwana biyu bayan ka goge duwatsun, domin a lokacin ne adadin gaskiya zai fito, mu ga wanda zai fi goya wa baya tsakanina da Malam.