Kwana biyu a Alƙahira da Hajiya, ina za mu leƙa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata mai kamawa zan raka Hajiyarmu Alƙahira aikin ido, kuma za mu samu rarar kwana biyu. Tun a nan Ƙofar Doka ta ishe mu da zancen Azhar da Fir'auna, sai dai gwiwa ba ta barinta doguwar tafiya. Don Allah ina za mu fara?

Tsohon ɗalibin Azhar, daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙanwata, ku fara da masallacin Azhar, tun shekarar 972 ake salla a cikinsa. Ku je da hantsi, a zaunar da ita a farfajiyar nan mai farin dutse ta kalli ɗalibai. Kuna tsallaka titi ga masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. Kabarin Imamu Shafi'i ma a garin yake, amma sai da mota. Ganuwar Salahuddin kuwa a kan tudu take, ni ban ba da shawara ba saboda gwiwar.

Wata daga Samaru:
In Fir'auna take son gani, kar a kai ku tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir. Tun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 22 zuwa sabon gidan tarihi na unguwar Fusɗaɗ, har da Fir'auna Ramsis na biyu. Ni da na tsaya a kansa, gashinsa na nan, farcensa na nan, sai da jikina ya yi sanyi. Masallacin Amr ɗan Asi, na farko a Masar, yana nan kusa.

Wani ɗan kasuwar Sabon Gari:
Dalar Giza dai kar ku yarda ku dawo ba ku gani ba, shekara sama da 4,500 ba wasa ba ne. Amma ku kiyayi masu raƙuma. Wani ya ce min hawa kyauta ne, da na hau sai ya ce sauka ce ta kuɗi, ni ɗan Zazzau guda ina reto a sama! A Khan Khalili kuma duk abin da suka sa, ki taya rabi.

Mai jinya, daga Gyallesu:
Anti, Giza akwai ƙura da rana mai ƙarfi. Ku je kafin aikin, ko ki fara tambayar likitanta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Hajiya ta ji labarin raƙumin, ta ce ko a kyauta ba ta hawa.