Wane wasan tseren mota ne ke aiki sosai da sitiyarin G29 a kan Linux?

Sani_Gwale:
Assalamu alaikum. Na koma amfani da Linux Mint a kwamfutata ta gida, kuma ina da sitiyarin Logitech G29 tare da birki da totur ɗinsa. Abin da nake nema shi ne wasan da ke kwaikwayon tuƙi na haƙiƙa, wanda mutum zai ji lokacin da taya ta fara sulɓewa a kwana, ba irin SuperTuxKart ba, wanda aka yi domin nishaɗi kawai. Ina roƙon masana su nuna mini wanda ya dace, su kuma faɗa mini ko sitiyarin zai riƙa turjewa a hannu kamar yadda yake yi a Windows.

Injiniya_Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Shawarata ita ce ka fara daidaita sitiyarin kafin ka zaɓi wasa, domin turjiyar da kake ji a hannu ita ce ke sanar da kai halin da tayoyin gaba suke ciki, kuma idan babu ita, mafi kyawun wasa ma ba zai koya maka komai ba. Kanel ɗin Linux, wato ginshiƙin tsarin da ke sarrafa na'urorin kwamfuta, yana gane G29 da kansa, amma manhajar da ke cikinsa ba ta fitar da dukkan nau'o'in turjiyar da wasanni ke aikowa. Saboda haka mutane suke ɗora wata manhajar sitiyari mai suna new-lg4ff ta hanyar DKMS, tsarin da ke haɗa irin wannan manhaja da kanel, sannan su sa Oversteer domin saita juyin sitiyarin zuwa digiri 900 da kuma ƙarfin turjiyar.

Game da wasanni, tun da Valve ya fito da Proton a shekarar 2018 lamarin ya sauya, domin yana ba da damar buɗe wasannin Windows daga cikin Steam, dandalin sayar da wasanni na Valve, DXVK kuma, wani ɓangare na Proton, yana mayar da umarnin zana hoto na Windows (Direct3D) zuwa wanda Linux ke ganewa (Vulkan). Assetto Corsa Competizione na kamfanin Kunos da ke Italiya yana tafiya lafiya ta wannan hanya, haka ma Automobilista 2 na Reiza da ke Brazil. Assetto Corsa na farko, na 2014, shi ma yana aiki, sai dai ɗora Content Manager, manhajar buɗe wasan da tsara ƙarin motoci da hanyoyi, a kansa yana buƙatar haƙuri saboda ya dogara da .NET na Microsoft. Kafin ka sayi kowane ɗaya, ka duba rahotannin baya-bayan nan a ProtonDB, shafin da 'yan wasa ke bayyana yadda kowane wasa ke tafiya da Proton.

Hauwa_Kwamfuta:
Ina tare da Injiniya a kan batun sitiyari, amma ina ganin bai kamata a tsallake wasannin da tushensu yake a buɗe ba, musamman ga wanda ya zaɓi Linux da gangan. TORCS ya faro ne a 1997 a hannun Eric Espié da Christophe Guionneau, kuma masu binciken tuƙi mai sarrafa kansa sun daɗe suna gwada manhajojinsu a cikinsa. Daga gare shi Speed Dreams ya ɓalle a 2008, aka inganta lissafin taya da na nauyin mota, aka ƙara sauyin yanayi. Akwai kuma VDrift da Joe Venzon ya fara a 2005. Ba su kai na kasuwa kyawun hoto ba, wannan gaskiya ne, amma kyauta ne, ba sa wahalar da tsohuwar kwamfuta, kuma mutum yana iya buɗe fayil ɗin mota ya sauya giya ko taurin sifirin ya ga abin da zai biyo baya a kan hanya. A wurina wannan babban ilimi ne.

Injiniya_Bashir:
Maganarki haka take, Malama Hauwa. Abin da zan ƙara shi ne gargaɗi a kan tsere ta intanet. Wasannin da ke amfani da manhajar hana maguɗi mai shiga can cikin tsarin kwamfuta su ne babbar matsala, domin Proton ba shi da yadda zai yi da ita idan kamfani bai amince ba. EA Sports WRC yana aiki a Linux a farkon fitowarsa, amma da aka sa masa irin wannan manhaja a 2024 sai ya daina buɗewa. iRacing ma ba ya goyon bayan Linux, don haka kada ka biya kuɗin rajistarsa da fatan zai yi aiki. Idan tseren daji kake so, kamfanin Feral Interactive ya fitar da sigar Linux ta DiRT Rally a 2017.

Sani_Gwale:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan fara da new-lg4ff da Oversteer, in gwada sitiyarin a Speed Dreams tukuna, sannan in sayi Assetto Corsa Competizione idan katin hotona zai iya ɗaukarsa. Injiniya, shin sai na sake ɗora manhajar sitiyarin duk lokacin da aka sabunta kanel?

Injiniya_Bashir:
A'a, aikin DKMS ke nan, shi zai sake gina ta da kansa a kan sabon kanel, matuƙar kunshin linux-headers yana nan a kwamfutarka. Idan Secure Boot, tsarin tsaron da ke tantance manhajoji lokacin kunna kwamfuta, a kunne yake, sai ka yi rajistar mabuɗin sa hannu sau ɗaya, in ba haka ba tsarin zai ƙi loda ta.