Yaya ake gane cewa tsoho ya fara buƙatar mai kula da shi kullum?

Ɗan Fari:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da shekara 79, kuma in ban da hawan jinin da take shan magani a kansa, likita bai taɓa samunta da wata babbar cuta ba. Sai dai a shekarar nan na lura da abubuwan da suka hana ni sukuni. Idan za ta tashi daga kujera, sai ta dafa ta yunƙura sau biyu ko uku kafin ta miƙe, wanka kuma, wanda a da ba ta wasa da shi, yanzu kullum sai ta ce sai anjima. Makon jiya na tarar da maganin kwana uku ba ta taɓa shi ba. Ƙannena sun rabu biyu, wasu na cewa a ɗauko mai zama da ita dare da rana, wasu na cewa tsufa ne kawai. Me ake dubawa kafin a yanke shawara, kuma wannan raunin yana da alaƙa da tsawon rai?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Abin da muke fara tambaya shi ne ayyukan da tsoho yake iya yi wa kansa. Tun 1963 wani likita ɗan Amurka, Sidney Katz, ya ware guda shida: wanka, sa tufafi, zagayawa, tashi daga gado ko kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannunsa. Ya kuma lura cewa wanka ne yakan fara gagara, cin abinci kuma shi ne na ƙarshe, wato tsoho yakan fara rasa abin da yaro yake koya a ƙarshe. A 1969 wasu masu bincike biyu, Lawton da Brody, suka ƙara ayyukan da ke buƙatar tunani da tsari, irin su shan magani a kan lokaci, lissafin kuɗi, sayayya da amfani da waya, kuma waɗannan sukan riga na farkon samun tangarɗa.

Bisa bayaninka, taimakon da Mama take buƙata a wurare biyu ne, wanka da magani. Sau da yawa tsoron zamewa ne ke sa tsoho ɗage wanka, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa ɗansa ba. Kujerar wanka, ƙarfen dafawa a bango da mace da za ta tsaya kusa suna iya warware matsalar. Mantuwar maganin kuwa a kai ta likita ya duba, musamman idan ta zo farat ɗaya cikin kwanaki, domin ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani kan rikita tsoho, kuma duk ana magance su.

Ɗiyar Baba:
Yayana, ina roƙonka kada ku maimaita kuskurenmu. Bayan mahaifinmu ya yi kwana goma a asibiti, sai tausayi ya sa muka ɗauke masa komai, har maɓallin riga mu muke sa masa, yana kallonmu bai ce uffan ba. Cikin wata uku ya daina tashi sai an kama shi. Mai gashin ƙashi ce ta nuna mana cewa kwanciya tana cinye tsokar tsoho da sauri, ta sa shi yana tashi yana zama a kujera sau da yawa a rana, muna tsaye kusa ba mu taɓa shi ba. Ranar da ya sake sa maɓallansa da kansa ya ɗauki kusan minti biyar, yatsunsa na rawa, amma na ga fuskarsa ta washe. Ku bar wa Mama duk abin da take iyawa, ko da zai ɗauke ta lokaci.

Malamin Lafiya:
Game da tsawon rai, akwai alaƙa. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya haɗa bayanan tsofaffi fiye da 34,000, ya nuna cewa saurin tafiya yana tafiya tare da yawan shekarun da suka rage, kuma masu taka kimanin mita 0.8 a daƙiƙa su ne ke kan matsakaicin tsawon rai na sa'o'insu. Wannan lissafin jama'a ne, ba ya yanke wa mutum ɗaya kwanansa, kuma ƙarfi yana dawowa: a 1990 an gwada atisayen ƙafa na mako takwas a kan tsofaffi masu shekara 90 ko kusa da haka, ƙarfinsu ya ninka fiye da sau biyu.

Kana iya yin gwaji a gida. Ta tashi daga kujera, ta taka mita 3, ta juyo ta dawo ta zauna, kai kuma kana auna lokaci kana kusa da ita. Idan ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, haɗarin faɗuwa ya ƙaru. Ka rubuta sakamakon tare da ayyuka shidan nan duk wata, ka tafi da takardar wurin likita, ka kuma nuna wa ƙannenka kafin ku zauna shawara.