A tilasta wa ɗan takara fito da takardun harajinsa?

Malam Habu: Ni a ganina, duk wanda ke neman a damƙa masa baitulmali, doka ta tilasta masa nuna wa jama'a abin da ya samu da harajin da ya biya. Wanda zai ɗora wa mutane haraji, a fara ganin nasa.

Rabi: Malam, ko a Amurka da ake yawan kafa hujja da ita babu wannan dokar a kan masu neman shugabancin ƙasa, al'ada ce kawai. Ta samo asali ne daga abin kunyar shugabansu na lokacin, Nixon, da aka bankaɗo cewa dala 792 kacal ya biya gwamnatin tarayya a 1970, alhali albashinsa dala 200,000 ne. Matsin lamba ya sa ya fito da takardun a ƙarshen 1973.

Malam Habu: Ai ke kika kawo mini hujja. Al'ada mai kunya take ɗaurewa. Trump ya ƙi nunawa a 2016, ya ce hukumar haraji na bincikarsa, kuma ya ci zaɓe. Sai a 2020 jaridar New York Times ta ruwaito cewa dala 750 ya biya a 2016, haka ma a 2017. Mai ƙuri'a ya cancanci sanin wannan kafin ya dangwala, ba bayan shekara huɗu ba.

Sadiq: An gwada fa. Jihar Kalifoniya ta yi dokar a 2019, kotun ƙolin jihar ta soke sashen da ya shafi masu neman shugabancin ƙasa a shekarar. Amma ni ba nan damuwata take ba. Takardar haraji abin da mutum ya faɗa da bakinsa take nunawa. Ɓarawo ba ya rubuta abin da ya sata. Ga kuma sirrin matarsa da abokan kasuwancinsa, waɗanda ba su tsaya takarar komai ba. Gara tsarin Indiya, inda tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 ɗan takara ke rantsuwa kan kadarorinsa da basussukansa.

Rabi: Nan kam ina tare da Sadiq.

Hajiya Binta: Ku dakata, yarana. Gaskiya ne ɓarawo ba ya rubutawa, to ai amfanin takardar ke nan. Mutum ya rubuta wa hukuma cewa abin da yake samu kaɗan ne, gobe a gan shi da gidaje da jirgin sama, dole ya yi bayani: ko hukuma ya yi wa ƙarya, ko dukiyar ce ba ta da asali. Bayyana kadarori shi kaɗai ba ya kama wannan, sai an ajiye takardun biyu kusa da juna. Batun iyali kuwa, a rufe sunayensu, a bar alƙaluman.

Sadiq: Hajiya, da girmanki, mutanen kirki za su guje wa siyasa.

Hajiya Binta: A Norway kowa na iya duba kuɗin shigar maƙwabcinsa da harajinsa, kuma tun 2014 mai takardar yana ganin sunan wanda ya leƙa. Ban ji sun rasa 'yan takara ba.

Sadiq: Can kowa ne, ba ɗan takara kaɗai ba. Idan da naki da nawa za a buɗe, na yarda.

Malam Habu: Kai ba ka nemi ƙuri'ata ba, Sadiq. Ranar da ka nema, zan tambaye ka.